Allah Ya Sa Kaffara Ne, Amma a Bakin Wa?

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa kasko a ka, na yi kwana goma sha tara ina jinyar Goggo a wani asibiti. Ciwon suga ya ci mata yatsun ƙafa biyu, likita ya ce sai an yanke. Wanda bai taɓa jinya a asibitocinmu ba, sai dai a ba shi labari. Kai ne mai ɗebo ruwa, kai ne mai wanki, kai ne mai hura gawayi a gindin dogon yaro, kai ne kuma mai sheƙawa kantin magani duk sanda aka miƙo sabuwar takarda. Da dare in aka ɗauke wuta, ka ɗauki mafici ka yi ta fifita har hannu ya mutu.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa 'yar Tupuri daga wajen Yagwa, 'yar Katolika. Ciwon daji ya cinye mata nono ɗaya ya gangara haƙarƙari. 'Yarta ke jinyarta. Da Fillanci muke magana, kamar yadda kowa ke yi a nan in harsuna sun sha bamban, in abin ya cije mu tsoma Faransanci. Tsohuwar ba ta ihu. Sai dai ka ji haƙoranta na ƙara, ka ga yatsunta na bin 'ya'yan carbinta mai ɗan gicciye a ƙarshe. Wani dare wajen ƙarfe uku na ga jikinta na ɓari, na tashi na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi, na ce, "Sannu Mama." Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kada ki damu. Furgatuwar ɗina nake yi tun a nan. Abin da na biya yau ba za a bi ni shi gobe ba."

Na san kalmar, furgatori ke nan, tsarkakewar da 'yan Katolika ke cewa ana yi wa rai bayan mutuwa kafin ya shiga aljanna. A makarantar mishan na yi firamare, kamar 'ya'yan Musulmi da yawa a garin nan, kuma ko da yake ana sallamarmu mu fita in lokacin darasin addininsu ya yi, a gindin taga muke zama, kunne kuwa ba shi da marfi.

Bayan kwana biyu wani ɗan wan mijin tsohuwar ya zo dubiya, mutum mai tumbi da agogo, ya ajiye motarsa inda kowa zai gani. A kan ɗan teburin gefen gado akwai takardar magani da aka rubuta tun jiya, an danne ta da kofi don kada iska ta ɗauke. Kuɗin 'yar sun ƙare, ba a saya ba. Ya ga takardar, kuma na ga ya gan ta. Ya tsaya a ƙarshen gado ya yi addu'a da Faransanci mai daɗin ji, sannan ya juya ga 'yar ya ce, "Ki share hawaye. Mama furgatuwar ɗinta take yi, kai tsaye za ta wuce aljanna." Ya ajiye ledar mangwaro ya fita.

Maganar da ta sa na zubar da hawaye a bakin tsohuwa, ita ce a bakin wannan mutumin ta sa na ji kamar in bi shi da kofin nan in jefe shi.

Kada wani ɗan'uwana Musulmi ya yi saurin murmushi. A cikin makon nan wani alhaji na danginmu, wanda Goggo ta goya da bayanta yana jinjiri, ya leƙo mu. Waya na manne a kunnensa ya ce, "Sannu Goggo, Allah ya sa kaffara ne," har sau uku, ya ce zai aiko yaro da saƙo. Har aka sallame mu ba mu ga ƙeyar yaron ba. Da ya fita Goggo ta juya fuskarta bango ta ce, "Amin. Amma kaffara ba ta hana a kawo kunu."

Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma ga inda na tsaya. Cewa wahala na wanke mutum magana ce ta mai wahalar. Shi ke da ita, shi zai ɗauke ta in ya ga dama, ya ajiye ta in ta yi masa nauyi. Wanda ke tsaye a kansa da ƙoshin lafiya, alhali akwai abin da zai iya yi bai yi ba, ko ma shi ne ya jawo wahalar, in ya faɗe ta a matsayin hukunci, fashi ya yi. Ya ƙwace wa mara lafiya sandar da yake dogarawa, ya tokare ƙofar aljihunsa da ita.

Tun da kalmar mutane na ara, hakkinsu ne in faɗi abin da suke nufi da ita, don a unguwarmu akwai masu zaton furgatori wata 'yar ƙaramar jahannama ce, wasu kuma suna ɗauka dama ce ta biyu ga wanda ya mutu yana gaba da Allah. 'Yan Katolika ba haka suke koyarwa ba. A wurinsu wanda zai bi ta nan ya riga ya tsira: ya mutu yana shiri da Ubangijinsa, an yafe masa, aljanna ta tabbata gare shi. Abin da ya rage shi ne sauran dauɗar da zunubi ke bari a zuciya ko bayan an yafe shi, irin son kai da rowa da riƙo, da ɓarnar da mutum ya yi bai gyara ba. Sistar da ke koyar da aji biyar da tukunya take ba da misali. Ta ce in kin kwashe tuwo, ai tukunya ta zama babu komai, amma kya dafa wa baƙo madara a ciki? Sai an jiƙa ƙanzo an kankare tukuna. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma har yau in na jiƙa tukunya sai na tuna da ita.

Abin da cocin ya ɗaure kansa da shi a kan wannan batu bai da yawa. Babban taron bishop-bishop na Liyon a 1274 da na Fulorans a 1439 da na Trento a 1563 sun tsaya kan abu biyu: akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai, musamman Misa, babbar ibadarsu ta coci, tana amfanar waɗanda ke cikinta. Littafin koyarwar cocin da ya fito a 1992 sakin layi uku kacal ya ba batun, daga 1030 zuwa 1032, yana kuma cewa wannan tsarkakewa ta sha bamban ƙwarai da azabar waɗanda suka hallaka. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda iyayenmu suka ga zuwansa Garwa a watan Agustan 1985, ya bayyana a 1999 cewa hali ne da rai ke shiga, ba wani wuri mai katanga ba. Wanda ya gaje shi, Benedict na 16, ya rubuta a 2007 cewa wasu malaman cocin na ganin wutar da ake magana a kai ita ce haɗuwa da Almasihu kansa, wanda dubansa ke narkar da duk ƙaryar da mutum ya gina a kan kansa. Hotunan mutane tsirara cikin harshen wuta da ake gani a tsofaffin littattafai aikin masu zane ne.

Hujjarsu ta farko tana cikin littafin Makabiyawa na biyu, sura 12. Bayan wani yaƙi, Yahuza Makabi da mutanensa suka je kwasar gawawwakin sojojinsu, sai suka tarar da layun gumaka ɓoye a ƙarƙashin rigunansu. Maimakon ya ce sun ga abin da suka shuka, sai ya tara azurfa dirhami 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya dominsu. Suna kuma kawo maganar Bulus ga Korintiyawa a kan wanda aikinsa zai ƙone amma shi ya tsira kamar wanda ya ratso ta cikin wuta. Littafin Makabiyawa ba ya cikin Littafi Mai Tsarki na 'yan Furotesta, shi ya sa in ka tambayi ɗan cocin Lutheran a Ngaundere zai ce maka su ba su san da wani furgatori ba. Mu kuma barzahu da muka sani kowa ke shiganta, na kirki da na banza, don haka ba abu ɗaya ba ne, kuma ban zo in haɗa su aure ba.

To ina wahalar duniya ta shigo? Tun da ƙanzo ne, ai ana iya kankare shi tun tukunya na kan murhu. Taron Trento ya faɗa a 1551 cewa mutum na rage abin da ke kansa ta hanyar horon da ya ɗora wa kansa, da wanda fada, wato limamin cocinsu, ya ɗora masa bayan ya furta zunubinsa, da kuma masifun rayuwa in ya ɗauke su da haƙuri. Har suna ƙara cewa mutum na iya miƙa wahalarsa domin wani, suna dogara da abin da Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa cewa yana farin ciki da shan wuya dominsu. Ke nan tsohuwar nan ba tatsuniya ta ƙirƙira ba. Abin da cocinta ya koya mata ta faɗa, daidai wa daida.

Sai dai a lura da sharaɗin: in ya ɗauke su da haƙuri. Wahala ita kaɗai ba ta taɓa gyara kowa ba. Wutar da maƙerin farfaru ke tace zinariya da ita, ita ce ke cinye ɗakin ciyawa. A ɗakin jinyar nan na ga matar da ciwon ɗanta ya mayar da ita uwar kowa, tana raba kunu gado-gado, na kuma ga wadda irin wannan ciwon ya kai ta ga satar gawayin maƙwabciyarta da asuba. Littafin koyarwar cocin ma bai ɓoye wannan ba, ya ce ciwo na iya jefa mutum cikin ƙunci da fid da rai har da yi wa Allah tawaye, kamar yadda yake iya sa shi ya nutsu ya gane abin da ke da muhimmanci. Abin da ke raba biyun yana can cikin zuciyar mai ciwon, inda ba mai gani. Wa ya ba baƙon da ya yi minti biyar a tsaye izinin karɓar wahala a madadin wani? Jiki magayi, kuma jikin ba nasa ba ne.

Ga kuma wata guba da ke ɓoye cikin maganar. In wahala biyan bashi ce, to wanda ya fi shan wuya shi ya fi cin bashi ke nan? Da haka ake wayar gari ana kallon gurgu da makaho da matar da 'ya'yanta ke mutuwa ana cewa ko me suka yi. Linjilar Yohanna, sura 9, ta kawo yadda almajirai suka tambayi Yesu game da wani da aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya, sannan ya warkar da shi. A labarin Ayuba yadda yake a littafinsu, abokansa uku sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara yi masa bayanin dalilin ciwonsa, ƙarshenta Allah ya tsawata musu. Mu ma a Alƙur'ani Annabi Ayuba, da ake buga misalin haƙuri da shi, ya kai kuka ga Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, aka ce ya buga ƙasa da ƙafarsa, ga ruwan wanka da na sha. Da ciwon nan alheri ne tsagwaronsa, da ba a ba shi magani ba.

Cocin Katolika ya taɓa ƙonewa da wannan wuta, shi ya sa yake kaffa-kaffa. A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a ƙasar Jamus yana karɓar kuɗi yana ba da takardun rangwamen horon zunubi ga mutane da 'yan'uwansu da suka mutu, kuɗin kuma wani kaso nasu na ginin babban cocin Bitrus ne a Roma. Wannan ne ya harzuƙa Martin Luther, cocin ya tsage, tsagewar da ba ta ɗinku ba har yau. Da taron Trento ya zo kan batun furgatori, sai ya umarci bishop-bishop su hana duk wani wa'azi da ke ƙamshin camfi ko neman kuɗi, a 1567 kuma Fafaroma Pius na Biyar ya soke duk rangwamen da aka ɗaura wa biyan kuɗi. Wancan zamanin ana karɓe kuɗin talaka da sunan wahalar matattu. Namu salon ya fi arha: a hana shi kuɗin, a ba shi wa'azi a kan wahalarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutanen da suka fi kowa yarda da wannan koyarwa su ne ba su zauna sun naɗe hannu ba. Katarina ta Jenowa, wadda ta rasu a 1510, ita ake yawan jingina wa bayanin furgatori mai taushi, inda ta kwatanta zunubi da tsatsar da ake kankarewa. Matar nan a babban asibitin garinsu ta ƙare rayuwarta, tana wanke miki har ta zama shugabar wurin. A nan gida muna da Baba Simon, Simon Mpeke, ɗaya daga cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa fada a 1935. Ya bar babban coci a New-Bell ta Duwala ya hau arewa a 1959, ya zauna a Tokombere yana taka duwatsu ba takalmi. Ya ɗauki wahala a jikinsa da son ransa, amma 'ya'yan mutanen dutse makaranta ya kai su, kuma da asibiti aka fara aikin mishan a garin. Ya rasu a 1975, a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartarsa, ɗaya daga cikin matakan da ake bi kafin shiga sahun waliyyan coci. Ya yi wa kansa tsanani, ya nema wa wasu sauƙi. Mu kuwa mun juya rigar.

John Paul na Biyu ya rubuta doguwar wasiƙa a kan ma'anar wahala ranar 11 ga Fabrairun 1984, ranar da daga baya aka mayar ta marasa lafiya a duk cocinsu. Da labarin Basamariye ya rufe ta, wanda ya tarar da mutum kwance jina-jina a hanya bayan manyan malamai biyu sun ratse sun wuce. Ya wanke masa rauni, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya zaro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Mai motar nan tabbas ya sha jin wannan labari ranar Lahadi. Dinari biyun ne bai ji ba.

Ko a kan maganin kashe zafi, wanda wasu tsofaffi ke ƙi don kada ladansu ya ragu, cocin ya yi magana tun 1957 ta bakin Pius na 12, littafin koyarwa kuma ya maimaita: halal ne a ba wanda ke gargara maganin da zai rage masa raɗaɗi, ko da zai iya rage masa kwana, muddin ba mutuwarsa ake nufi ba. Amma je ka nemi irin wannan magani ga mai ciwon daji a garuruwanmu. Tiramol kuwa, wanda 'yan moto ke watsawa a shayi, ko yaro ka aika zai samo maka. Mai lafiya na shan maganin ciwo don ya yi aikin dare, mai ciwon ana ba ta farasitamol da nasiha.

Mu Musulmi namu ya fi kusa da nasu fiye da yadda muke zato. Hadisi ne ingantacce cewa ba wata gajiya ko ciwo ko baƙin ciki da zai sami mumini, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubai da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je duba mara lafiya yakan ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allahu," wato ba komai, tsarki ne in Allah ya so. Don haka ba cewa nake a daina faɗin "Allah ya sa kaffara ne" ba, ni ma ina faɗa kuma zan ci gaba. A dai saurari yadda kakanninmu suka ƙera ta: "Allah ya sa." Roƙo ne, ba sanarwa ba. Mu ne muka mayar da ita takardar sallama, abin da ake faɗa hannu na kan ƙofa. Annabin da ya koya mana ita shi ne ya ce a nemi magani, don Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Shi ne kuma ya ba da labarin ranar da Allah zai ce wa bawa, na yi ciwo ba ka duba ni ba, na nemi abinci ba ka ba ni ba. Da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanya, aka ce gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

In abin ya tsaya a ɗakin jinya da sauƙi. A 2024 ruwan Logon ya shanye unguwanni a Yagwa da Maga, ya bi ta Kusiri, haka ma a ƙetaren kogi a Chadi. Sama da shekara goma ke nan mutanen Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga na kwana a duwatsu don gudun 'yan Boko Haram, sansanin Minawawo kuma da aka buɗe a 2013 akwai yaran da aka haifa a cikinsa har sun isa kiwo. A duk irin wannan wuri kalma ɗaya ke riga buhun shinkafa isowa: haƙuri. Da Fillanci a ce munyal, da Faransanci a ce jarrabawa ce, liman ya faɗa, fada ya faɗa, mai babbar riga ya faɗa a gaban kyamara. Ruwan sama na Allah ne, ba musu. Amma madatsar da ba a gyara ba tun rani, da magudanar da aka gina gida a kai, da kuɗin agajin da ya maƙale a hanya, waɗannan suna da masu su, kuma masu su na cin abinci sau uku. Liman ko fada da ya ce wa wanda ruwa ya ci gidansa ya yi haƙuri, bai juya ya ce wa mai riƙe da amana ya ji tsoron Allah ba, rabin huɗuba ya yi.

Kuma mun ga abin da ke faruwa in wani ya ƙi yarda. Shekarun baya mace ta mutu wurin haihuwa sai a ce ta yi shahada a shafa fatiha. Shahadar muna fatan haka ne, amma tun da aka kawo takardar nan ta cek sante a jihohin arewa uku, wadda mai ciki ke saya sefa 6,000 a duba ta har ta haihu, na san matan unguwarmu da yawa da suka haihu a gadon asibiti waɗanda da a ɗaka za su yi naƙudar kwana uku. A Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Zazzaɓi na kankare zunubi, haka ne, amma wane zunubi ɗan wata shida ya yi?

Ni ma ba wankakkiya ba ce. Ƙanwata ta yi yaji sau uku daga gidan mijin da ke dukanta, kuma sau biyu ni na ɗaura mata gyale na mayar da ita. Na ce mata aure ibada ne, na ce mahaƙurci mawadaci, na ce duk abin da ta sha kaffara ce. Gaskiyar magana ɗakina ƙarami ne, ga yara, ga tsoron bakin mutane. Ban so ɗawainiya ba, sai na sa wa lalacina rawani. A na ukun ta zo da haƙori ɗaya a ƙulle cikin gefen zane, ta kwance ta ajiye mini a kan tabarma ba ta ce komai ba. Ba ta koma ba. Ta yafe mini, amma har yau in na ce mata "yi haƙuri," ko a kan gishirin miya ne, sai ta dube ni.

Duk da haka ban bi ɗan yayata ba, wanda ke karatu a jami'ar Marwa, da ya ce duk wannan maganar furgatori da kaffara maganin barci ne da aka ƙera don talaka ya kwanta a taka shi. Na ce masa ya zo ya kwana ɗaya a ɗakin jinya. Akwai ciwon da ko an kawo duk maganin duniya ba zai tafi ba, akwai ƙarfe ukun dare da ba minista ba likita. A wannan lokacin me zai miƙa wa tsohuwar nan? Imaninta ya ba ta aikin yi a sa'ar da jikinta ya gama aiki. Rabon dararenta take yi kamar mai rabon gado. Da safe 'yarta na goge mata jiki za ka ji ta ce daren jiya na mijinta ne da ya rasu, na shekaranjiya na jikanta ne mai shan giyar bilbil, Allah ya shirye shi. Ciwo ya mayar da ita abar tausayi, ita kuma ta mayar da kanta mai kyauta. Duk wanda ya ce zai ƙwace mata wannan da sunan wayewa, shi da mai motar tafiyarsu ɗaya, ba wanda ya sayi maganin.

Daren da za a shiga da Goggo tiyata, tsohuwar ta kira ni da hannu ta ce in gaya wa Goggo wannan daren nata ne. Na yi jim, don ban san yadda Goggo, mai tazbaha dubu kafin asuba, za ta ɗauki kyautar daren Kirista ba. Da na faɗa mata sai ta yi shiru, can ta ce, "Ki ce na gode, ni ma tana cikin addu'ata." Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo ɗan tsumman da take ƙulle kuɗin goronta, ta ce in ɗauko takardar nan da ke ƙarƙashin kofi. Jaka huɗu da rabi ne. Na tsallaka titi na sayo, aka yi mata allurar, ta yi barci har hantsi da bakinta a buɗe, carbin ya zame ya faɗi ƙasa, 'yarta ta ɗauka ta sa mata a tafin hannu.

Kwana huɗu bayan haka suka tattara tabarmi da tukwane suka hau motar Yagwa, don likita ya ce ba sauran abin yi, ita kuma ta ce a gida take so. Ranar 2 ga Nuwamba, ranar da 'yan Katolika ke yi wa matattunsu addu'a, 'yar ta kira ni. Ta ce Mama ta rasu tun farkon damina, yau sun je sun nome ciyawar kabarin sun kunna kyandir, an kuma ambaci sunanta a Misa. Ta tambayi ƙafar Goggo. Na miƙa wa Goggo wayar, ta yi mata ta'aziyya da Fillancinta mai karkacewa, sannan ta tambaye ta ko ruwa ya bar musu dawa bana.